Tukunyar da Doña Agripina Ta Ara

Ku yi mini haƙuri. Ni ba marubuciya ba ce, mai karanta abin da wasu suka rubuta ce, a lungun gado, har Mama ta gaji da cewa idona zai lalace. Ban taɓa rubuta abin da ya wuce aikin makaranta ba, wannan ma shi ne gwaji na uku, biyun farko na yayyaga su. Sunana Lizet, shekarata sha shida, kuma ko a aji in aka ce na tashi na yi magana sai na ɓuya a bayan littafi. To amma yau Doña Agripina Huarcaya za ta ajiye ludayi (a wurinmu Doña ake ce wa babbar mace don girmamawa, namiji kuma Don). Mako guda ina jin ana tsara wa zai kawo kujeru, wa zai kawo lemo, ban ji wanda ya ce zai faɗi abin da ta yi ba. Shi ya sa na yi ƙarfin hali. In na yi kuskure ku gyara a zuci, kada ku faɗa mini.

Kullum kafin tankar ruwa ta yi oda a gindin tsauninmu na Las Retamas, a gefen birnin Lima, Doña Agripina ta riga ta fito. Hularta mai ruwan ƙasa a ka, kitso biyu har gadon baya, buhu a kafaɗa. Matakala ɗari biyu da sha huɗu ne daga ƙofarta zuwa titi, kuma a karkace take sauka, kamar kaguwa, saboda gwiwa. Daga nan sai kasuwa. Ba saye take zuwa ba. Bin rumfuna take yi tana neman abin da ya kwana: dankalin da ya fara tsiro, albasar da ta yi laushi, karas mai lanƙwasa da masu saye suka raina. Na taɓa bin ta ranar Asabar, na ji yadda suke yi da Don Anacleto mai kaji.

"Maƙwabci, ƙafafun nan fa? Ai kajin sun gama tafiya da su."

"Mamita, ke ce za ki rufe mini shago," in ji shi, don haka muke kiran dattijuwa, kamar a ce Inna.

"Wane shago? Wannan da ko ƙofa ba shi da ita? Zuba, ka haɗa da wuya."

Yana mita yana zubawa, har da ƙari. Kafin hantsi ta hawo, mata sun zagaye ta da wuƙaƙe suna fere dankali suna gulmar mazajensu. Kafin rana ta take, hayaƙi ya tashi, tukunyar unguwa ta nuna, gida sittin da wani abu sun ci. Shekara biyar ke nan. Ko ranar da aka cire mata haƙori ba ta fasa ba, da ƙyalle ɗaure a haɓa ta zo, tana ba da umarni da ludayi.

Da can masara dafaffiya da cuku take sayarwa a tashar bas. Sai korona ta zo, aka sa dokar kulle, sojoji suka cika titi. Mu nan sama abin da aka samo yau shi ake ci yau, saboda haka mako biyu bai cika ba tukwane suka yi sanyi. Mutane suka fara ɗaura farin ƙyalle a sanda suna kafawa a saman gida. Kowa ya san ma'anarsa: nan babu abinci. Doña Zoila, ƙawarta, ta ba ni labarin ranar farko. Ta ce ta leƙo ta ga Agripina tsaye tana kallon tsauni, fari nan, fari can. Sai Agripina ta shiga ta yanka kajinta uku, ta farfasa akurkinsu ta yi itace da shi, ta jawo tukunyar masararta waje.

"Na ce mata, ke Agripina, kin haukace? Ta ce tunda babu kaji me zan yi da akurki? Kawo wuƙa ki daina surutu."

Ke ce kika fara, Mamita. Ba ƙungiya, ba takarda, ba wanda ya aike ki. Kaji uku da akurki.

Yanzu zan faɗi na gidanmu.

Mahaifina, Don Nilton, kwandastan ƙaramar bas ne. Duk wanda ya taɓa tsayawa a tasharmu ya san muryarsa, ana jin ta tun kafin a ga motar. Da kulle ya zo motoci suka tsaya, muryar ma ta tsaya. Kullum sai ya sauka neman dako, sojoji su koro shi. Amma ya kafe a kan abu ɗaya: babu tuta a gidansa, kuma matarsa ba za ta shiga layi da kwano ba.

"Hannuwana biyu lafiya lau, Yovana," haka yake ce wa Mama. "Ban taɓa roƙo ba. Gobe zan samo."

Goben ta yi yawa. Shinkafa ta koma ruwan shinkafa, ruwan shinkafa ya koma ruwan zafi da ganye. Ƙanwata Nayeli, shekararta huɗu a lokacin, da farko kuka take yi. Daga baya ta daina, sai ta kwanta ta zuba wa rufin kwano ido. Shirun nan ne ya tsorata ni. Ga ƙamshin girkin Doña Agripina iska tana kawo mana har ɗaki, Papa ya tashi ya rufe taga.

Shekarata sha ɗaya, ba ni da bakin yi wa Papa gardama. Amma ina da farar rigar makaranta a ninke, tunda an rufe makarantu. Wata safiya, ana yayyafin nan namu da ba ya jiƙa ƙasa sai ƙashi, na ɗauko ta, na yayyafa mata rabin kofin ruwa don ta yi kama da wanki, na hau saman gida na ɗaure hannayenta a igiyar shanya, can inda za a hango daga ko'ina. Na ce a raina in an tambaye ni, shanya na yi. Dabarar yarinya ke nan. Wa yake wanke riga ɗaya tal a unguwar da ake sayen ruwa da bokiti? Wa yake shanya cikin yayyafi? Duk tsaunin ya gane, ban da mutum ɗaya. Har yau ɗin nan Papa bai san ni na rataye ta da gangan ba.

Awa guda ba ta cika ba aka buga ƙofa. Papa ya buɗe. Doña Agripina ce, da takunkumin da ta ɗinka da tsohon siket, tana haki, Doña Zoila a bayanta. Ni ina bayan labule da littafi a hannu, ban san ma a kife na riƙe shi ba.

Doña Zoila ba ta iya riƙe magana. "Maƙwabci, mun ga tutarku, shi ne muka ce..."

"Wace tuta?"

Papa ya fita ya ɗaga kai. Na ga wuyansa ya kumbura. Na ce shi ke nan, yau za a yi ta. Sai na ji Doña Zoila ta yi ƙara, ashe ƙafarta aka taka.

"Tuta? Ke Zoila, tsufa ya cinye miki ido. Rigar yarinya ce aka shanya, ga maɓallai nan. Rabu da ita, Don Nilton. Ni aro na zo. An ce Yovana tana da babbar tukunyar nan ta ƙarfe da aka yi bikin baftismar ƙaramarku da ita. Tawa ta yi mini kaɗan. Ko ba kwa ba da aro a gidan nan?"

Wuyan Papa ya sauka. Ya gyara tsayuwa. "Haba Mamita, mu ba ma rowa. Yovana! Ɗauko wa Doña Agripina tukunya."

Da za ta juya sai ta leƙo ta gefen labulen. Ban san yadda aka yi ta san ina nan ba. Ta dube ni ta saman takunkumi, ta daɗe, sannan ta ce, "'Yar nan, je ki kwashe rigarki. Ba a shanya a wannan damshi, wari za ta yi."

Da rana tukunya ta dawo. Ita da Doña Zoila suka riƙo ta, kowacce kunne ɗaya. Papa ya ɗaga murfi, tururi ya bugi fuskarsa. Shinkafa da wake, har rabi, ga ƙafafun kaji a kai.

"Mene ne wannan?"

"Tukunyarku mana."

"Da abinci a ciki."

"Don Nilton, mahaifiyarka 'yar ina ce?"

"Ayacucho."

"To a Ayacucho ana mayar da tukunyar aro fanko? Haka ta koya maka? So kake a zagaya da ni a ce Agripina ta ari tukunya ta mayar da ita ba ko ɗan abin taɓawa? Da tsufana za ka ja mini zagi?"

Papa ya san gaskiya ce. Kakata ko faranti aka aiko mata da shi, sai ta sa wani abu a ciki, ko da ƙwai ɗaya ne, kafin ta mayar. In ya ƙi karɓa, ita ya ci wa mutunci.

"Amma ai wannan ya yi yawa."

"Ƙanzo ne. Hannu ya tsufa, kankara ta gagare ni. Gobe ma zan zo aro, ku wanke mini ita da wuri."

Ƙanzo har rabin tukunya, da ƙafafun kaji bakwai. Na ƙirga. Nayeli ta tashi zaune da kanta. Ta ci, ta ci, ta tsotse ƙashi, ta fara waƙa da abinci a baki. Mama ta juya baya tana goge ido da gefen riga. Papa ya ce shi ba ya jin yunwa, ya fita tsakar gida. Mama ta zuba masa ta rufe ta ajiye a kan duro. Da muka leƙa can anjima, farantin kamar an wanke.

"Kyanwa ce," in ji Papa.

"Papa, ai ba mu da kyanwa," in ji Nayeli.

"Ta maƙwabta ce. Ci abincinki."

Kwana tara ana haka. Da safe tukunya ta fita, da rana ta dawo da ƙanzo. Sai daga baya na ji ashe ba mu kaɗai ba ne. Gida goma sha ɗaya Doña Agripina take aron tukunya, duk gidajen masu taurin kai irin Papa. Akwai wani tsoho gwauro da ba shi da tukunya, sai ta ari rariyarsa, ta mayar masa da ita kife a kan kwano cike, wai don kada ta yi ƙura a hanya. Doña Zoila ta ce, "Mun ci wuya, 'yar nan. Hawa da tukwane, sauka da tukwane, alhali ko ɗaya ba ta taɓa hawa murhu ba. Bayan ɗakinta muke jibge su."

Amma Papa ba wawa ba ne. Rana ta goma ya bi ta bayan ɗakin zai je neman itace, ya ga tarin tukwane, tamu a sama, busasshiya, ko baƙin hayaƙi babu a gindinta. Ya dawo gida fuskarsa a ɗaure.

"Sadaka ce aka sa wa hula," ya ce. "Daga yau tukunyar nan ba ta sake fita. Zan je na faɗa mata da bakina."

Mama ta dubi Nayeli. Ni kuwa na sa takunkumi na bi shi daga nesa.

Muka tarar wurin girki a hargitse. Labarin tukunya ya bazu, mutane sun ninka, kowa yana tsoron kada ta ƙare kafin a zo kansa. Ana turereniya, kwanuka suna karo, wata ta ja gashin wata. Tun jiya 'yan sanda suka zo suka ce in suka sake ganin cunkoso za su kashe wutar. Doña Agripina tana ta ɗaga ludayi, amma hayaƙi ya sa muryarta ta dushe, ko na kusa ba ya ji.

Papa ya ratsa ya isa gabanta. "Mamita, na zo ne mu yi magana a kan..."

"Allah ne ya kawo ka!" ta ce da 'yar muryar da ta rage. "Ka ga mutanen nan? Gobe rufe mu za a yi, yara su koma shan ruwan zafi. Shekara goma ina sayar da masara a tasha kana fasa mini kunne. Yau da nake neman muryar, ka je ka ɓoye ta a ɗaki kamar amarya? Ko ta mutu ne?"

"Muryata? Ta mutu?"

"Haka ake faɗa."

Ban ji wanda ya faɗa ba. Amma Papa ya juya ya dubi taron nan, na ga ransa ya ɓaci irin ɓacin ran mai sana'a da ya ga ana lalata aikinsa. Ya ja wani duron ruwa, ya haye, ya bubbuga gefensa da tafin hannu kamar yadda yake buga jikin mota.

"Layin Sama, Layin Sama, Layin Sama! Masu Layin Sama su matso! Sauran a koma baya, akwai wuri a baya! Mai goyo ta fara! Taku biyu tsakani, ba zaman soyayya muke ba! Kai mai jar hula, jiya ma na gan ka, cikinka biyu ne? Tsohuwa za ta wuce, a ba ta hanya! An zuba? Sauka, sauka, da ƙafar dama!"

Wurin ya yi tsit, sai kuma dariya ta ɓarke. Kuma abin mamaki, suka bi. Duk wanda ya tashi a Lima jikinsa ya saba, in kwandasta ya ce a matsa baya, ƙafa ce take matsawa kafin kai ya yi tunani. Wani ya ɗaga kwano ya ce, "Kwandasta, zan sauka a kwana!" Papa ya ce, "Babu tsayawa a kwana, sai tasha!" Doña Zoila ta yi dariya har ta zauna a kan buhun dankali. Cikin ɗan lokaci layi ya miƙe har matakala, kowa da tazararsa.

Da aka gama, Papa ya sauko yana share gumi. Doña Agripina ta riga ta aika an ɗauko tukunyarmu daga tarin, ta cika ta a gaban kowa.

"Daga gobe kowa ya zauna a gidansa sai ka kira layinsa. Muryarka tana kaiwa har ƙarshen tsauni, na sani, ta sha hana ni barcin rana. Ga naka."

"Mamita..."

"Ka taɓa ganin kwandastan da ya yi lodi kyauta? Ɗauki. Me ka zo faɗa mini ɗazu?"

Papa ya dubi tukunyar, ya dube ta. "Na manta."

Shi ya ɗauke ta da kansa, a kafaɗa, ta tsakiyar unguwa, yana fito. Ya ture ƙofa da ƙafa ya ce, "Yovana, kawo faranti. Yau na fita aiki." A teburi ya ci tare da mu, har ƙari ya nema. 'Yan sanda sun dawo washegari, suka tarar da mutum takwas a layi, suka yi ta waige-waige suna neman taron.

Ke ce kika san yunwa kala biyu ce, Mamita, akwai ta ciki, akwai ta mutumin da aka raba da aikinsa. Ke ce kika ciyar da mu ba tare da kin sa mahaifina ya sunkuyar da kai ba. Kin ga rigar yarinya kin san tuta ce, kika rantse shanya ce. Kin hau matakala da tukwanen da ba kya buƙata, da wannan gwiwar, don kada wani namiji ya ji kunya a gaban 'ya'yansa. Uwar tukunya. Ni dai ban karanta irinki a littafi ba, kuma na karanta da yawa.

Kulle ya wuce, motoci sun dawo, Papa ya koma bakin ƙofar bas. Tukunyar unguwa ba ta sauka ba, don yunwa ba ta tafi da korona ba. Ranar Lahadi har yanzu shi yake kiran layi, ko da mutum goma ne. Nayeli tana aji huɗu, ta fi kowa baki a gidan. Sai dai likita ya ce gwiwar Doña Agripina ba za ta ƙara ɗaukar matakala ba. Yau za ta miƙa ludayi ga Mama da Doña Zoila, waɗanda tun yanzu sun fara faɗa a kan gishiri.

Mun gode, Mamita. Na gode a madadin Nayeli, da gida goma sha ɗayan nan, da tsohon mai rariya. Allah ya sanyaya miki gwiwa, ya ba ki kujera mai laushi da rana mai ɗumi. Ku kuma da za ku ji labarin nan wata rana, ba sai kuna da kaji uku ba. Ku riƙa ɗaga kai kuna duba saman gidan maƙwabta, don ba kowa ke iya kafa tuta ba. In za ku ba mutum, ku nemo hanyar da zai karɓa yana tsaye a kan ƙafarsa. In ya kama ku ari rariya, ku ara.

Ina rubuta ƙarshen nan a tsugune bayan ɗakin taro, takarda a kan gwiwa. An gama jera kujeru. Nufina in sa ta a ƙarƙashin farantin Doña Agripina ba tare da kowa ya gani ba. Sai yanzu na tuna wani abu da ya kamata na tuna tun shafin farko. Doña Agripina ba ta iya karatu ba. Duk takardar da ta zo hannunta, mutum ɗaya take miƙa wa ya karanta da ƙarfi don kowa ya ji.

Na yi tunanin yaga ta kamar sauran biyun. Ba zan yaga ba.

Papa, tunda ka iso nan, ka riga ka karanta. Ni ce. Na ji tsoron shirun Nayeli fiye da yadda nake tsoron fushinka, kuma shekara biyar ina neman bakin faɗa maka ban samu ba. Kada ka kira ni da muryar nan, duk tsaunin zai ji. In ka gama fushin, ina zaune a bayan ƙaramin coci. In ma ba ka yi fushin ba, nan ɗin dai nake.

Ga Doña Zoila ta juya baya. Yanzu ne zan sa takardar a ƙarƙashin farantin.